Shekarar da Aka Hana Ni Hura Wuta

Ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Bodinga, lokacin da hannuna na dama ya fara mutuwa yana farfaɗowa. Shekarata biyu ke nan da aure, ba haihuwa, ba ko ɓari. Mijina malamin allo ne a zauren mahaifinsa, da rani kuma yana noman albasa a fadama. Iyayena suna Shagari, ni ce 'yarsu ta fari.

Zamanin mulkin farar hula ne, an shiga abin da rediyo ke kira tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara sai an yi layi, kananzir kuwa ya yi ɓatan dabo. Rishon da aka kawo ni da shi na goge na ɗora kan kabad, na koma murhu kamar kowa. Wata safiya itacen ya ƙi kamawa, ɗanye ne, na durƙusa ina ta hurawa har idona ya yi ja. Da na miƙa hannu zan ɗauki ludayi, sai hannun ya ƙi zuwa. Ina kallonsa a kan cinyata kamar na wata ne aka ba ni ajiya. Na buɗe baki in kira Malam, wato mijina, kalmar ta ƙi fita. Na san abin da nake so in ce, amma hanyar da ke kai shi baki ta toshe.

Kafin ruwan koko ya tafasa komai ya dawo daidai. Ban gaya wa kowa ba.

Ya sake faruwa sau uku a wata biyu. Na huɗun a gaban Malam ne, na dama masa fura mai yaji muna dariya, dariyar ta yi yawa har ina haki. Ya ga gefen bakina ya karkace. Ya ajiye ƙwaryar a hankali ya ce, "Malama, mi as same ki?" Haka yake kirana, don tsokana tun farko, har ya zame masa suna. Ban iya amsa masa ba sai bayan wani lokaci.

An yi rubutu na sha, an yi turare. Mahaifinsa, wanda dattijo ne mai sanyin magana, shi ne ya ce a haɗa da asibiti, wai addu'a ba ta hana neman magani. Likitan da ya duba ni a Sakkwato tsoho ne mai furfura a gira. Ya yi ta tambayata abin da nake yi duk sanda abin ya zo: hura wuta, dariya, gudu na bi akuya, shan abu mai zafi ina hurawa. Ya jinjina kai ya rubuta takarda zuwa wani babban asibiti, tafiyar yini guda a mota.

A can suka tsira mini allura a wuya, suka zuba wani ruwa mai fitowa a hoto. Likitan can bai jin Hausa. Ya ɗaga hoton ga hasken taga ya nuna mana da bakin biro. Ya ce manyan jijiyoyi biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna tsukewa a hankali, sai jiki ya tsiro da wasu ƙanana sirara don su taimaka. Ga su nan a hoton, cunkus, kamar hayaƙin da ya taso daga murhu. Ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, shi kansa a littafi ya fi saninsa. Sunansa moyamoya, daga harshen mutanen Japan.

Ni nake fassara wa Malam, tunda ni ce mai Turanci. Da ya ji sunan ya ce, "Wanga ai awa sunan abinci na." Na yi murmushi, likitan ma ya yi ko da yake bai san abin da aka ce ba.

Ya ci gaba. Duk abin da zai sa in yi numfashi da sauri yana rage jinin da ke zuwa kaina. Ƙishirwa ma haka. Idan jini ya hau da yawa kuma, ƙananan jijiyoyin nan na iya fashewa. Na fassara duka. Sannan ya dube ni ya ce ciki da naƙuda haɗari ne babba gare ni, ana iya samun shanyewar ɓarin jiki ko abin da ya fi haka, in yi tunani sosai kafin in ɗauka.

Malam ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce in riƙa shan ruwa da yawa."

Wata huɗu bayan haka na yi ɓatan wata. Muka koma wurin tsohon likitan Sakkwato da ambulan ɗin da aka ba mu daga can. Ya buɗe ya karanta, ya cire tabarau, ya yi wa Malam bayani da Hausa tiryan-tiryan, har da abin da na haɗiye. Malam bai dube ni ba. Muka shigo mota. Da muka sauka Bodinga ya wuce zaure, na ji ana ta karatu har la'asar, muryarsa ba ta ciki.

Da ya shigo ya zauna bakin ƙofar ɗaki, bayansa gare ni. Ya ce, "Don mi kika ɓoye mani?"

Na ce, "Da ka sani, da ka ce mu haƙura."

"Da na ce."

"Shi ya sa."

Sannan ya ce, "Ni ke nika so, ba abin da za ki ba ni ba. Amma tunda Allah ya kawo, daga yau babu sauran ɓoyo tsakaninmu. Ko yatsa yam motsa ba daidai ba, ki hwaɗi." Na ce to. Na fara kuka, ya juyo da sauri ya ce in bari, kuka ma yana cikin abin da aka hana. Sai muka ɓuge da dariya, ita ma ya ce a rage.

Tun daga ranar shi ke hura wuta a gidan. Da asuba in ya dawo masallaci sai ya naɗe hannun riga ya durƙusa gaban murhu, ya hura har ta kama, sannan ya kira ni in ɗora tukunya. Ya saƙa mini mafici babba na kaba don in ta yi sanyi in fifita. Katangarmu gajera ce, maƙwabta suna gani. Wata rana wani abokinsa ya ce masa a bakin kasuwa ko an koma ɗan daudu ne. Malam ya ce masa, "Wuta dai nika hurawa, in ka iya zo ka taya ni." Shi ya ba ni labarin da kansa yana kwaikwayon muryar mutumin.

Ya kafa randa a ɗaki, wata a tsakar gida, ya kai tulu makarantarmu ya roƙi hedimasta a bar shi a kusurwar ajina. Duk Talata yana ɗaukata a keke zuwa ƙaramin asibitin garin, wata nas mai fara'a ta ɗaura mini abin awo a dantse ta rubuta a kati. Akwai wata 'yar ƙwaya da likita ya ce in riƙa sha kullum don kada jini ya daskare. Shekarar nan magani ya yi wuya ko'ina. Malam ya san duk wani kemis daga Bodinga zuwa Sakkwato, wani lokaci ya dawo da zufa da ƙwaya goma a ƙunshin takarda kamar ya samo zinariya.

Azumi ya kama cikin zafin da ke gaban damina. Tun ina 'yar shekara goma ban taɓa shan azumi haka kawai ba. Likita ya hana, amma raina bai kwanta ba, na ɗauki na farko a ɓoye. Kafin azahar yatsuna suka fara yin sanyi. Na tuna alkawari na gaya wa Malam. Bai yi faɗa ba, mahaifinsa ya kira. Tsohon ya shigo har tsakar gida, abin da bai saba ba, ya tsaya nesa kaɗan. Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam."

Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya farlanta azumi shi yay yi rangwame ga marar lahiya da mai ciki. In an yi maki kyauta kin maida, kin kyauta ma mai kyauta?" Ya ɗebo ruwa da kansa a moɗa ya miƙo mini. Ya tsaya har na shanye.

Wadda ta ƙi fahimta ita ce Inna, mahaifiyata. Ba ta taɓa ganin abin ya same ni ba. A wurinta cikin fari a gida ake goyonsa, a gida ake haihuwa, a yi wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, a sha kunun kanwa kwana arba'in, kamar yadda aka yi mata aka yi wa uwarta. Ta aiko sau biyu a kawo ni Shagari. Malam ya je da kansa ya yi mata bayani, ta saurara ta bayan labule ta ce, "Likita bai taɓa haihuwa ba."

Ni da Inna dama ba mu saba doguwar magana ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "wagga yarinya". Ban tuna ranar da ta rungume ni ba. Kakata ce ta yi mini duk wannan kafin ta rasu. Babana kuwa ba ruwansa, ni ce 'yar gaban goshinsa, shi ya tsaya kai da fata sai na yi makarantar horon malamai.

Damina ta zo ta tafi ba ta yi abin kirki ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a gonaki da yawa. Cikina yana wata shida, wata ranar Alhamis, Malam ya zo makaranta da hantsi ya ce in ɗauko mayafina za mu Shagari, Baba ba ya jin daɗi. A mota ya riƙa miƙo mini gorar ruwa, yana kallon hannuna. Mun wuce rabin hanya na ce, "Malam, mun yi da kai babu ɓoyo." Ya runtse ido. Ya ce, "Allah ya yi mashi rasuwa da sahe. Ki riƙe hannuna, ki yi numfashi sannu."

Na daure har ƙofar gida. Amma da na shiga na ga takalmansa a bakin turakarsa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ya saba cire su, sai kukan ya ƙwace mini. Irin kukan da ke fizgar ƙirji. Ban kai ɗakin Inna ba ƙafata ta dama ta ja ƙasa, na zube a tsakar gida, bakina ya karkace, miyau na zuba ban iya tarewa ba.

Inna ta fito daga cikin mata masu zaman makoki. Na ga fuskarta sanda ta ga tawa. Ta zauna a ƙasa, ta jawo kaina ta ɗora a ƙirjinta, a gaban kowa. Ta ce a kawo ruwa, ta ce mata su ja baya su ba ni iska. Ta sa tafin hannunta a bayana ta ce, "Ɗiyata, bi numfashina. In na ja ki ja, in na saki ki saki." Ƙirjinta yana tashi yana sauka a hankali ƙarƙashin kuncina. Ta ce, "Hawaye su zuba, ba a hana su ba. Ki yi kukan da ido, ki bar ƙirjin shi huta." Hawayenta na ɗiga a kan ɗankwalina, amma numfashinta bai canza ba ko sau ɗaya. Mijinta na shekara ashirin da biyar aka binne da safen nan.

Na daɗe a haka kafin yatsuna suka motsa. Kalmar farko da ta fito ita ce "Inna". Ta ce, "Na'am," ta ci gaba da shafa bayana.

Da yamma ta sa aka kira Malam bakin ƙofarta. Ta ce ya sake faɗa mata duk abin da likita ya ce, daga farko, kada ya rage komai. Ya faɗa. Ta ce, "Ku koma Bodinga kusa da asibiti. Abin da anka ce a yi, shi za a yi."

Da ciki ya shiga wata tara likita ya ce in zo in kwanta a asibitinsu na Sakkwato tun kafin naƙuda, don ba ya so in yi nishi ko sau ɗaya, aiki za a yi a ciro. Makonni kaɗan ke nan da sojoji suka karɓi mulki, kowa a ɗakin yana maganar abin da zai biyo baya, ni kuwa ina lissafin motsin da ke cikina. A lokacin majiyyaci shi ke zuwa da kusan komai nasa. Malam ya yi kwana uku yana haɗa ruwan ƙari da auduga da zaren ɗinki, ya kuma ba da jininsa aka ajiye.

Inna tana cikin takaba. Ta aika aka tambayi surukina, ya ce mai takaba na iya fita da rana don lalura, muddin za ta kwana a ɗakinta. Ranar aikin ta shigo motar farko daga Shagari, cikin tufafinta marasa ado, ba kwalli ba turare. Ta iso ana shirin tura ni. Ta gyara mini ɗankwali ta tofa mini addu'a a goshi. Malam ya bi gadon har ƙofar da ba a wucewa ya ce, "Malama, ina nan."

Na farka da azahar. Abin da na fara yi shi ne motsa yatsun hannu da na ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Duk suka amsa. Sannan na ji wani ɗan ƙaramin kuka kamar na mage. Mace ce. Inna na riƙe da ita, Malam ya riga ya yi mata huɗuba a kunne. Kafin la'asar Inna ta miƙa ta ga nas ta tafi tasha.

Mun ɗauka an tsallake. A rana ta uku da safe ina shayar da jaririyar, hannun da ke tallafe da kanta ya saki. Allah ya sa a kan gado muke, matar da ke kusa da ni ta yi ihu aka zo. Wannan karon bai dawo kafin ruwa ya tafasa ba. Aka ɗaura mini ruwa, likita ya yi ta zirga-zirga. Bayan kwana biyu ƙafa ta dawo. Magana ta dawo a hankali, tana tuntuɓe, in ce "ƙofa" ina nufin "ƙwarya". Hannun ya dawo rabi. Yatsu uku sun lanƙwashe, har yau da nake wannan rubutu da hagu haka suke.

Likita ya zauna bakin gadona ya ce ƙaramar shanyewa ce, an yi sa'a. Ya ce kada in sake ɗaukar wani cikin. Wannan karon Malam na zaune, da Hausa aka faɗa, kuma ni na fara cewa to.

Da aka sallame ni Shagari aka kai ni, don Inna ba ta iya kwana a wani wuri. Gwaggonnina sun riga sun tara itace da ganyen dogonyaro, an jiƙa kanwa. Babbarsu, yayar Babana, ta ce mai jegon da ba ta gasu ba sanyi zai shige ta, ta kumbura. Inna ta ce da ruwa mai ɗumi za a yi, wanda gwiwar hannu ke iya zama a ciki, kunu kuma ba kanwa. Gwaggo ta ce ba a taɓa yi ba a gidan nan. Inna ba mai ja da dangin miji ba ce, ban taɓa jin ta ɗaga musu murya ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Yaya, na binne guda bana. Ku yi mani haƙuri da wagga." Daga baya Gwaggo ita da kanta ta riƙa gwada ruwan da gwiwar hannunta.

Inna ce ta yi mini wanka kwana arba'in. Tana matsa mini yatsun da man shanu, tana buɗe su ɗaya-ɗaya tana sa ni in faɗi sunayen abubuwan da ke ɗakin. In na yi kuskure ba ta gyara mini, sai ta ce, "Sake dai." Malam yana zuwa duk Juma'a da albasa sabuwar cira da 'yar ƙwayata a ƙunshi. Ya zauna a zaure a kai masa jaririyar, ya daɗe yana yi mata hira kamar babba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne goyo. Ban iya ɗaure zane da hannu ɗaya ba, kullum sai an ɗora mini ita an ɗaure. Inna ta ce ba za ta mai da ni Bodinga a haka ba. Ta naɗe tsumma ta yi kamar jariri, ta ɗaure hannunta na dama a bayanta, ta yi kwana biyu tana gwadawa ita kaɗai a ɗaki har ta gano yadda za a yi: a sunkuya sosai, a danne gefe ɗaya da haƙori, a ja ɗayan da hagu a soke, majanyi kuma a riƙe bakinsa da dantsen hannun da ya raunana. Sannan ta koya mini, da tsumman tukuna, daga baya da jaririyar, tana tsaye a bayana da hannuwa a buɗe.

Ta gama takaba da mako guda ta raka ni Bodinga. Washegari da hantsi, bayan ta koma, na sha ruwa moɗa biyu, na sunkuya na goya ɗiyata ni kaɗai. Na ɗauki gora na kama hanyar fadama a hankali, ina hutawa a duk inuwar da na samu. Malam yana cikin albasa yana ban ruwa. Da ya hango mu ya saki guga ya taho da sauri, yana tambaya wa ya ɗaure mini. Na ce ni ce. Ya zagaya bayana ya ja ƙullin ya ji da ƙarfi, ya sake ja. Yarinyar tana barci, kumatunta a manne da bayana. Ya share wuri a gindin mangwaro ya shimfiɗa rigarsa, muka zauna har rana ta yi sanyi, sannan muka taho gida tare.